"Jarin al'ada" a ajin 'yan shekara uku: me zan rubuta a fom, me zan yi a aji?

Malamar Ƙanana:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina leƙowa ina karanta hirarku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango.

Shekarata 6 ina riƙe da ajin 'yan shekara uku zuwa huɗu. Yara 18 ke hannuna, ni da mataimakiya ɗaya. Makon jiya shugabar makarantarmu ta dawo daga wata bita da sabuwar kalma a baki, wai "jarin al'ada". Ta raba mana fom mai gida biyu, kowace malama ta rubuta abin da za ta yi a wannan zangon don ƙara wa yaranta jarin al'ada, a ɗaya gidan kuma dabarun rayuwa. Litinin ta sama ake so a mayar.

Malamar ajin da ke jikin nawa ko minti goma ba ta yi ba ta cike nata: zuwa gidan zu, zuwa gidan tarihi, liƙa tutocin ƙasashe a bango, kunna wa yara kiɗan wasu nahiyoyi. Ni kuwa na zauna da biro a hannu har aka tashi ban rubuta ko harafi ba. Yara uku ne suka tsaya mini a rai.

Na farko, mahaifinsa makaniki ne. Ranar da ƙafar wata motar wasa ta fita, shi ya karɓa, ya jujjuya ta, ya ce mini noti ne ya kwance, a kawo sifana. Ya san birki, ya san fulogi, ya san abin da ke hana inji tashi. Amma da na fara miƙa masa littafin hotuna, a kife ya riƙe shi, ta baya yake buɗowa. Ina karantawa bakina yake kallo, bai gane cewa daga jikin takardar nake ɗauko maganar ba.

Ta biyu ta zo mana da haruffa a ka, tana ƙirga har 50 ba gargada. Iyayenta suna alfahari da ita, kuma ba su yi laifi ba. Sai dai in an tashi, zama take ta miƙe ƙafa tana jira a sa mata takalmi. Majina in ta zubo, gabana take zuwa ta ɗaga fuska. Ba ta taɓa zuba wa kanta ruwa a kofi ba. Sau ɗaya na ce mata "gwada da kanki", ta fashe da kuka sai ka ce marin ta na yi.

Ta ukun ba ta magana. Wata biyu ke nan muna tare, kalmomin da na ji daga bakinta ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. A gida wani harshe suke yi, ba wanda muke koyarwa da shi ba. Amma duk yaron da ya faɗi ita ce ta farko a kansa, ta kakkaɓe masa gwiwa, ta riƙo hannunsa ta kawo mini.

To a cikin ukun nan wa ke da jari, wa ya rasa? Zakin gidan zu zai yi wa wanne magani? Ina tsoron in cike fom yadda ake so, a ɗauki hotuna, a liƙa a bango, yarinyar nan kuma ta ƙare zango tana miƙa ƙafa. Ina kuma tsoron in ƙi cikewa a ce na fiye iyayi. Masu sani, ku fahimtar da ni asalin kalmar nan, ku gaya mini ta inda ake farawa.

Malam Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam, Malama. Rashin rubutun nan da kika yi ya fi mini cikar da maƙwabciyarki ta yi, kodayake kada ki gaya mata na faɗa.

Na koyar da ɗaliban malanta shekaru masu yawa, kuma wannan kalma tana cikin waɗanda aka fi yi wa gurguwar fahimta. Wanda ya fito da ita Pierre Bourdieu ne, masanin zamantakewa ɗan Faransa, an haife shi 1930 ya rasu 2002. Ɗan ƙauye ne, mahaifinsa ma'aikacin gidan waya, ya yi karatu har ya kai manyan makarantun Faris, don haka ya ɗanɗani abin a jikinsa. Tambayar da ta dame shi ita ce: makaranta ɗaya, malami ɗaya, jarrabawa ɗaya, me ya sa kullum 'ya'yan wasu gidaje ke gaba? Amsarsa ita ce, ban da kuɗi akwai wata dukiya da ake gada a gida ba a sani ba. A wani rubutu da ya yi a 1979 ya kasa ta uku. Akwai wadda ta shiga jiki: yadda yaro ke magana, kalmomin da ya sani, yadda yake tsayawa gaban babba ya yi tambaya ba tare da gwiwarsa ta yi sanyi ba. Akwai ta kaya, kamar littattafai da kayan kiɗa da zane-zanen da ke gidan. Akwai kuma ta takarda, wato shaidar karatu.

Ga inda mutane ke zamewa. Bourdieu bai ce al'adar masu hali ta fi ta talaka ba. Zargi yake yi. Cewa yake makaranta ta ɗauki abin da gidajen masu hali suka saba da shi ta mai da shi ma'auni, sannan yaron da ya zo da shi daga gida ta ce masa mai ƙwaƙwalwa, wanda ya zo da wani abin daban ta ce daƙiƙi. Kamar kuɗin ƙasashe ne: yaronki ɗan makaniki aljihunsa cike yake, sai dai ajin ba ya karɓar irin kuɗinsa.

Yadda kalmar ta iso fom ɗinki kuwa, ina kyautata zaton ta hanyar Ingila ce. A 2019 hukumar duba makarantun can, Ofsted, ta shigar da ita cikin abin da sufetocinta ke dubawa, har a makarantun renon yara. Su ma'anar da suka ba ta ita ce ilimin da yaro ke buƙata don ya yi nasara nan gaba, kuma suka ce malami ya lura da abin da kowane yaro ya zo da shi, ya faɗaɗa masa, musamman 'ya'yan marasa ƙarfi. Malamai da yawa a can sun yi ƙorafin an juya maganar Bourdieu a kife, abin da ya kira cuta an mai da shi magani. Irin wannan fahimta ce ke haifar da jerin "wuraren da ya kamata yaro ya je kafin ya shiga firamare".

Abin da zan ba ki ki riƙe shi ne aikin Luis Moll da abokansa a Tucson, jihar Arizona ta Amurka, wanda suka wallafa a 1992. Sun tura malamai gidajen ɗalibansu, yawancinsu 'ya'yan leburori 'yan asalin Meziko. Ba wa'azi aka tura su yi wa iyaye ba, tambaya aka tura su yi. Suka tarar da gidajen da ake ɗauka ba komai a ciki cike suke da sanin gini, noma, gyaran mota, ciniki, kiwon dabbobi da jinya. Malaman suka dawo suka gina darussa a kan wannan.

Don haka a gida na farko na fom ki rubuta abu biyu: me kowane yaro ya zo da shi, me kuma bai taɓa haɗuwa da shi ba. Ɗan makaniki ki nemo masa littafi mai hoton inji, ki bar shi ya gaya miki sunayen abubuwan, ke kuma ki rubuta a gabansa yana kallo. Ranar da ya ga "birki" ya fito daga bakinsa ya zauna a kan takarda, ranar zai gane me littafi yake.

Maman Biyu:

Ku yi haƙuri in shigo, ni ba malama ba ce, uwa ce, kuma kamar da ni ake a labarin yarinya ta biyu, sai dai nawa namiji ne.

Malama, gaskiya ni in na kai ɗana makaranta karatu na kai shi. Sa takalmi da face hanci aikina ne a gida. In na zo ɗaukarsa na tambaye shi me aka koya yau ya ce mini "mun zuba ruwa a kofi", raina ba zai yi daɗi ba. 'Ya'yan ƙawayena da ke wasu makarantu sun fara rubuta sunansu, in mun haɗu sai an gwada su, ke ma kin san halinmu.

Amma kar in yi ƙarya, ni nake sa masa komai. Ƙarfe bakwai dole mu fita, ga ƙaramar a hannu, ga nawa aikin yana jira. In na bar shi da maɓalli ɗaya sai mu kwana a nan. Minti biyu na gama shirya shi mu kama hanya. To yaushe ake son ya koya, kuma a ina? Ba faɗa nake ba, tambaya ce.

Uwar Reno:

Maman Biyu, ai kin amsa wa kanki. Kin ce aikinki ne a gida, kin kuma ce ba ki da lokacinsa. Yawancin iyayen da na yi aiki da su a shekara 20 da ɗoriya haka suke, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba. Abin da ajin ƙanana ke da shi wanda gida ba shi da shi da safe, lokaci ne.

Ki bar ni in kare kofin ruwan nan. Yaron da ke zuba ruwa daga ƙaramar buta zuwa kofi, wuyan hannunsa yake juyawa a hankali, idonsa na auna inda ruwa ya kai, ya tsaya kafin ya malala. Wanda ke sa maɓalli, babban yatsa da manuni yake haɗawa, su ne yatsun da za su riƙe fensir. Na sha karɓar yara masu haddar haruffa waɗanda in an ba su fensir a dunƙule suke kama shi, layi biyu su ce hannu na ciwo. Rubutun sunan da kike so ta nan yake bi.

Maria Montessori, likita ce 'yar Italiya, ta buɗe ajinta na farko a Janairun 1907 a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum. 'Ya'yan leburori ne da iyayensu ke fita aiki su bar su suna ɓata bangon gidaje, masu gidajen ma don su tsirar da bangonsu suka nemi a tara yaran wuri ɗaya. Ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsawonsu, ta ba su tsintsiya da tsumma, da ƙyallaye masu maɓalli da igiya da aka ɗaure a katako don su yi ta gwadawa. Ita da kanta ta ba da labarin ranar da ta zauna ta nuna musu yadda ake face hanci da hankici, a hankali, ba da faɗa ba. Tana gamawa yaran suka ɓarke da tafi. Fassarar da ta yi ita ce, kullum ana yi musu tsawa a kan majina, ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake yi. Malamar Ƙanana, yarinyarki mai ɗaga fuska ke nan.

Kuskuren da kika yi, kuma duk mun yi shi, shi ne "gwada da kanki". Kin ɗora mata aikin gaba ɗaya. Ta ƙarshe ake farawa. Ke ki sa mata takalmin, ki bar mata manna maɗaurin kawai. Ta manna, ta gama, ita ta sa takalmi ke nan a wurinta. Bayan kwana uku ki sa yatsun ƙafar, ki bar mata tura dunduniya da mannawa. Haka za ki yi ta ja da baya har ki fita daga aikin. Zif ma haka: ke ki haɗa ƙasan, ita ta ja sama. In kina nunawa ki rage surutu, yaro ɗan shekara uku in yana kallon bakinki ba ya kallon hannunki. Igiyar takalmi kuwa ki ƙyale ta, sai wajen shekara 5 ko 6 yawancin yara ke iya ɗaure ta, kada ki tayar wa kanki hankali.

Butar ta zama ƙarama, ruwan ya zama kaɗan, soso yana gefe. Zubarwa za su yi. Gogewar ma darasi ce, wataƙila ta fi zubawar, don a nan yaro ke koyon cewa in ya ɓata abu akwai gyara, ba sai ya tsaya yana kuka ba.

Inda zan ɗan saɓa wa Malam Mai Ritaya shi ne batun fita. Malam, kada mu yi wa maƙwabciyarta dariya da yawa. Gani ya kori ji. Yaron da bai taɓa ganin gada ba, in ka karanta masa labarin da aka tsallaka gada, kalmar wofi ce a kunnensa. Kuma gina kan abin da yaro ya sani kaɗai yana iya zama kurkuku: ɗan makaniki kullum mota, kullum mota, to yaushe zai ga tsiro ya fito daga ƙasa? Matsalar gidan zu ita ce sau ɗaya ake zuwa, a gaji, a dawo, abin da yaran za su tuna shi ne motar da ta kai su. Ni na fi samun amfani a fitar minti 20 da ake maimaitawa. Bishiya ɗaya muke zuwa gani duk mako, yara su ga ganye ya zube ya sake tohowa. Wurin da ake gini mu tsaya daga nesa, wannan makon tushe, wata mai zuwa an kai taga. Ɗakin karatu in akwai kusa, kowa ya miƙa littafinsa da hannunsa ya ce na gode. A zuwa na huɗu za ki ji su suna amfani da kalmomin da kika faɗa a zuwa na farko.

Malam Mai Ritaya:

Hajiya, na karɓi gyara. Kurkukun nan da kika ambata gaskiya ne, kuma shi Bourdieu aikinsa ya fi karkata ga bayyana ciwo.

Maman Biyu, ga wani abu da zai iya kwantar miki da hankali. Daga 1962 zuwa 1967 an yi wani gwaji a garin Ypsilanti na jihar Michigan, a makarantar Perry. Yara 123 ne, 'yan shekara uku da huɗu, duk baƙaƙen fata 'ya'yan talakawa. Aka sa 58 a aji na awa biyu da rabi kullum, malamai kuma suna ziyartar gidajensu duk mako, sauran ba a sa su ba. A ajin, yaro ne ke faɗin abin da zai yi, ya je ya yi, ya dawo ya ba da labarin yadda ta kasance. Da farko makinsu a gwajin ƙwaƙwalwa ya tashi, bayan 'yan shekaru a firamare tazarar ta kusa ɓacewa, har wasu suka ce an yi asara. Amma an ci gaba da bin su har suka kai shekara 27, suka kai 40. Waɗanda suka shiga ajin sun fi kammala sakandare, sun fi samun abin hannu, an fi ƙarancin kama su da laifi. James Heckman, masanin tattalin arziki na Jami'ar Chicago da ya ci kyautar Nobel a 2000, ya sake bin alƙaluman, ya ce abin da ya ɗore halayya ce: iya riƙe kai, iya gama abin da aka fara, iya zama da mutane. Yaran ba su da yawa, kuma ajin ya sami malamai da kulawa irin wadda ba kowace makaranta ke samu ba, don haka ba na cewa kowane aji zai ba da wannan sakamako. Amma ya isa ya sa mutum ya daina raina abin da ba ya fitowa a takardar sakamako.

Mai Gyaran Harshe:

Ni aikina da yara masu jinkirin magana ne, don haka ta ukun ce ta kawo ni.

Malama, kafin komai ki tambayi iyayenta abu ɗaya: a gida, da harshensu, tana surutu? In sun ce har sai an ce ta yi shiru, to ki kwantar da hankalinki. Yara da yawa in suka shiga wurin da ake wani harshe sukan yi shiru na makonni, wasu watanni, suna saurare suna tarawa. In kuwa sun ce a gidan ma haka take, ki ba su shawara a fara duba kunnenta, sannan a ga masu irin aikina. Kada a jira wai za ta yi da kanta. Kuma don Allah kada kowa ya ce wa iyayen su daina yi mata harshensu. Uwar da aka tilasta wa harshen da ba ta ƙware ba, umarni kawai za ta riƙa bayarwa, zo, zauna, bari. Labari da wasa da bayanin dalili duk za su mutu, kuma su ne jarin da kuke magana a kai.

Wataƙila a bitar an ambaci tazarar kalmomi miliyan 30. Daga binciken Betty Hart da Todd Risley ne na 1995. Sun bi iyalai 42 a yankin Kansas, suna zuwa awa ɗaya duk wata suna naɗar magana, sannan suka ƙiyasta cewa kafin shekara huɗu ɗan gidan masu ilimi ya ji kalmomi miliyan 30 fiye da ɗan gidan da ke karɓar tallafin gwamnati. An soki lissafin sosai. Gidajen masu karɓar tallafin 6 ne kacal, kuma baƙo yana zaune da rikoda, wa zai saki baki? Abin da ya fi amfane ni a aiki shi ne binciken Rachel Romeo da abokanta na 2018 a Amurka. Sun naɗi maganar gida ta yara 36 'yan shekara 4 zuwa 6, sannan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna sauraron labari. Abin da ya fi tafiya tare da ƙwarewar harshe, da motsin sashen ƙwaƙwalwa mai kula da magana, shi ne yawan karɓa-karɓa: babba ya faɗa, yaro ya mayar, babba ya ɗora. Yawan kalmomin da aka zuba wa yaro bai kai wannan ba.

A aji, ma'anarsa ki rage tambayoyin jarrabawa irin "wane launi ne wannan?". Ki tsuguna inda take, ki faɗi abin da take yi: "Kin kakkaɓe masa gwiwa. Ya daina kuka." Sai ki yi shiru, ki ƙirga goma a zuci. Goman nan za ta yi miki tsawo kamar shekara. In ta kalle ki, ko ta nuna da yatsa, ta karɓa ke nan, ki ɗora. Ki kuma roƙi uwar ta koya miki kalmomi biyar na harshensu: ruwa, bayi, zo, sannu, ciwo.

Malamar Ƙanana:

Allah ya saka muku da alheri, Baba Malam, Anti Uwar Reno, da kowa. Na dawo da rahoto bayan mako uku, mai daɗi da marar daɗi.

Fom dai na cike. Na rubuta sunayen yaran 18, gaban kowane na sa abin da ya zo da shi da abin da nake so ya haɗu da shi. Sai da na ƙara takarda biyu. Abin kunya, yara 5 na kasa rubuta musu komai a gidan farko. Su ne masu shiru-shiru marasa rigima, waɗanda nake cewa ba su da matsala. Ashe ban san su ba ne. Shugabarmu ta karanta ta ce ya yi kyau, amma ina abin da za a ɗauka a hoto? Na ƙara mata fita zuwa bishiyar bayan makaranta duk Laraba, muka rabu lafiya.

Butar ruwa ta jawo mini magana. Rana ta biyu wani yaro ya jiƙe rigarsa sharkaf, ba ni da ta canji, mahaifinsa ya zo ya same shi haka. Bai yi mini da sauƙi ba, kuma da gaskiyarsa, laifina ne da ban tanadi komai ba. Yanzu ruwan bai wuce rabin kofi ba, kuma akwai tsofaffin riguna uku a kwali.

Mahaifin ɗan makaniki na roƙe shi ya zo ya yi wa yara bayanin aikinsa. Ya yi dariya ya ce shi me ya sani da zai koya wa 'yan makaranta. Bai zo ba. Amma washegari yaron ya shigo da leda: notuna manya guda shida da ƙusoshinsu, an wanke su tas, da tsohuwar sifana. Na sa a tire. Anti, abin da kika faɗa kan yatsu na gan shi da idona, layi ake yi a kan tiren nan, kuma shi ne malamin. Na zana kowane abu a kati, ya faɗi suna, na rubuta. Jiya na same shi ya ɗauko katin "noti" yana bin haruffan da yatsa, daga dama zuwa hagu dai, amma ba a kife ba. Na kuma ba shi ƙwayar iri ya shuka a gwangwani, kullum sai ya tono ta ya duba ko ta tashi.

Mai takalmi tana manna maɗauri, tana tura dunduniya. Hanci har yanzu nawa ne.

Ta ukun, uwarta ta ce a gida ba a jin kunne saboda ita. Na koyi kalmomin biyar. Da na ce mata "ruwa" da harshensu, ta dube ni, ta rufe baki tana dariya, ta maimaita kalmar yadda ya kamata a faɗe ta. Ashe ban iya ba. Sau uku tana gyara mini. Ban sani ba ko wannan ya shiga lissafin karɓa-karɓa, ni dai na ƙirga shi.

Mai Gyaran Harshe:

Ya shiga, har da riba. Ki ci gaba da faɗin ta ba daidai ba na ɗan lokaci.

Maman Biyu:

Ni ma na gwada, amma ranar Asabar, don safiyar aiki ba zan iya ba. Na sa masa maɓallai duka na bar na ƙarshe. Ya yi ta fama, hannuna yana ƙaiƙayi, sai da na zauna a kansa. Da ya shiga ya ruga ya nuna wa babansa. Yanzu matsalar ita ce ba ya yarda in taɓa takalminsa, kuma kullum na dama a hagu yake sawa. In na ce ya juya sai rigima. Anti, a bar shi ya fita haka ne?

Uwar Reno:

Ki sami sitika mai hoton dabba, ki raba ta biyu da almakashi, rabi a cikin takalmin dama, rabi a na hagu. Ki ce masa ya haɗa kan da jelar kafin ya zura ƙafa. In ranar ya ƙi, kuma ba nisa za ku yi ba, ki ƙyale shi, ƙafarsa za ta gaya masa.